Baƙuwa ta tambaye ni yadda za ta taimaka wa masu jin yunwa, na rasa amsa

Mushe_Sani:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai wata baƙuwa da nake koya wa Hausa da marece, ma'aikaciyar jinya ce, daga ƙasar waje ta zo aiki nan Maradi, saura wata 14 kwangilarta ta ƙare. Ta ce mini kullum safiya in mai gadi ya buɗe ƙofa sai ta iske yara da kwanoni, wata rana har da mata masu goyo. Da farko tana ba kowa dala ashirin. Yanzu sun yi yawan da ba ta iya ƙirga su, maƙwabta kuma sun fara ɗaure mata fuska. Ta ce tana iya ware jika 50, wato sefa dubu 50, kowane wata, daga albashinta, ba kuɗin wurin aiki ba. Tambayarta ita ce: me za ta yi da su wanda zai amfani mutane da gaske? Na ce ta ba ni kwana biyu. Ni alli da allo na sani, shi ya sa na kawo muku.

Hajiya_Mai_Aya:
Wa alaikumus salam Mushe. Kafin ta leƙa waje ta duba cikin gidanta. Nawa take biyan mai gadin nan da ke buɗe ƙofar? Nawa take biyan mai yi mata wanki da shara? Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jika 42 ne tun farkon 2024, amma je ka tambayi masu gadi ka ji abin da ke shiga aljihunsu. Mai gadi guda yana iya zama da baki goma a bayansa, can ƙauye. In ta gyara masa albashi, ta kuma bar sayen komai na gwangwani ta riƙa aikawa kasuwa ana sayo mata zogale da tumatirin Jiratawa, ta fara taimako ke nan.

Dan_Tibiri:
Hajiya ta yi gaskiya, amma ni hatsi zan ce. Ba don babu hatsi a Maradi ba, yunwarmu ta lokaci ce. Da kaka manomi yana kai hatsinsa kasuwa da arha don ya biya bashi, ya yi biki, ya sai wa yara tufafi. Daga watan Yuni zuwa Satumba rumbu ya koma fayau, sai ya dawo ya sayi hatsin nan nasa da tsada. Wanda ba shi da kuɗi ya ci bashin da muke kira a ci ba daɗi, ya karɓi tiya ɗaya ya biya fiye da haka da kaka. Ko ya bar gonarsa cikin haki ya tafi ƙwadago gonar wani don a samu na dakawa yau. Gonarsa ta lalace, baɗi ma haka. To ta tara kuɗinta, a sayi buhu-buhu a Oktoba da Nuwamba, a ajiye, a fitar lokacin noman farko. Buhu guda tiya 40 ne. Gidan da ya samu tiya 10 a daidai wannan lokaci, maigidan zai tsaya ya nome tasa gonar.

Issoufou_Lyon:
Dan_Tibiri, abin da ka faɗa na yi shi, kuma na sha. Ni ma yanzu kusan baƙo nake, shekara 16 rabona da zama gida. Mu shida 'yan gari ɗaya muka haɗa kuɗi muka kafa bankin cimaka a ƙauyenmu. Shekarar farko lafiya lau, har bidiyo aka aiko mana. Ta biyu aka ba mutane bashi, damana ta yi gardama, ba wanda ya biya. Wa zai je ya tsare kawunsa a kan tiya biyar? Ta uku muka ji mai riƙe da mabuɗi ya ce ɓeraye da gara sun yi ɓarna. Ɗakin yana nan, awaki ke kwana ciki. Ban ce kada a yi ba, amma wanda zai tafi nan da wata 14 ya yi tunanin wa zai bar wa mabuɗi.

Dan_Tibiri:
Allah ya mayar da alheri Issoufou. Kuskurenku bashi. Da sayarwa kuka yi da rahusa, kuɗi hannu, kamar yadda OPVN, ofishin cimaka na ƙasa, ke yi, da jarin bai narke ba. Kuma mabuɗi ba a bar wa mutum guda.

Rabi_Asusu:
Mabuɗi a hannun mata ake barin shi, ku maza kun ƙi yarda ne kawai. Ni shekarata 12 cikin ƙungiyar Mata Masu Dubara. Wanda bai sani ba, wannan tsari a nan jihar Maradi aka fara shi a 1991, ƙungiyar CARE ce ta kawo, yau ga shi har ƙasashen da ba mu taɓa jin sunansu ba suna yi. Muna zubi duk mako, akwatin ƙarfe ne da kwaɗo uku, kowane mabuɗi da mai riƙe shi, ba a buɗewa sai gaban kowa. Mace ta ɗauki rance ta sayi gujiya ta yi mai da ƙuli-ƙuli, ta mayar da ɗan abin da aka yanka a kai.

Amma Mushe, ka gaya wa baƙuwarka wani abu: kada ta zo ta zuba kuɗinta cikin akwatinmu. Mun ga inda aka yi haka. Da mata suka ji kuɗin anasara ne, sai kowa ta ce ai ba na kowa ba ne, biya ya tsaya, asusu ya mutu. Kuɗin da ke da zafi shi ne wanda kika hana kanki goro kika zuba. In tana son ta taimake mu ta biya mai koya mana karatu da lissafi, ko ta gyara injin niƙan da ya lalace a unguwa. Wannan ba ya raba kan mutane.

Bagobiri227:
Ni wannan zance gaba ɗaya ya ishe ni. Tun ina yaro nake ganin fararen motoci suna shiga ƙauyuka da tuta a kai. Furoje ya zo, furoje ya tafi, allo ya yi tsatsa a bakin hanya, talaka yana nan inda yake. A 2005 an cika Maradi da 'yan jarida, aka ɗauki hotunan 'ya'yanmu tsirara aka watsa duniya, har yau in ka rubuta sunan garin nan a intanet abin da kake fara gani ke nan. Garin kasuwanci, garin alhazai! Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ta yi aikin da ya kawo ta ta koma gida lafiya.

Infirmiye_Madarunfa:
Bagobiri, zancen hoto ina bayanka ɗari bisa ɗari. Duk mai ba ka tiya ɗaya ya ce tsaya in ɗauke ka, saye ya yi, ba kyauta ba. Amma a 2005 yaran nan da gaske suke mutuwa. Fari da fara sun haɗu a 2004, hatsi ya yi tsadar da ba a saba gani ba, hukuma ta lokacin tana cewa babu yunwa. A shekarar nan likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun yi wa yara sama da 60,000 maganin tamowa mai tsanani a ƙasar nan, akasarinsu a jiharmu. Wasu cikin waɗannan yaran yau su ne ke jan kabu-kabu a gari, wasu suna jami'ar Dan Dicko Dankoulodo.

Mushe, tunda ita ma'aikaciyar jinya ce ta san abin da zan faɗa, sai dai ƙila ba ta san ɓangaren gida ba. Biskit ɗin tamowa kyauta ake ba da shi. Abin da ke hana uwa kawo yaro ba kuɗin magani ba ne yawanci. Kuɗin mota ne daga ƙauye, da tunanin wa zai dafa wa sauran yara in aka kwantar da ita sati biyu, da kuma gonar da ke jiran ta, don lokacin tamowa da masassarar cizon sauro da aikin gona duk tare suke zuwa. Na sha ganin uwa ta sulale da dare da yaro bai warke ba, ba don rashin so ba. Jika biyu ko uku na mota, da ɗan hatsin da za a bar wa gida, sun isa su sa ta zauna. Sai kuma jini. Daga Agusta zuwa Oktoba yara na zuwa fari fat, jini ya ƙare, ana neman mai bayarwa. Wannan ko dala ba ya ci. Ta bayar, ta ja abokan aikinta su bayar. Ku ma da ke karantawa haka.

Bagobiri227:
Jini na yarda. Wannan ba ya zubar da mutuncin kowa.

Tsoho_Na_Tarna:
'Ya'yana, ku bari tsoho ya sa baki, jikana ke rubuta mini. Ni na ga yunwar 1984, wadda muke kira El Buhari, don lokacin Janar Buhari da ke mulkin Najeriya ya rufe iyaka, babu inda za ka ruga. Mun ci anza, sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin ɗacinta ya fita. A lokacin nan daga Maradi in ka miƙa gabas ko arewa gonaki ƙwal suke, iska na binne shuka da rairayi, mutum ya yi shuka sau uku ko huɗu.

Akwai wani anasara ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, yana aiki da mishan ta SIM. Ya yi ta dashen itatuwa suna mutuwa. Daga baya ya lura da cewa 'yan tsirran da muke sassabewa duk shekara kututturan itatuwa ne masu rai a ƙasa. Ya ce a bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a datse saura. Mutane suka yi masa dariya, wa ke barin daji a gona? Da yunwa ta zo aka haɗa rabon abinci da wannan aiki, mutane suka yi don cikinsu. Da abinci ya ƙare da yawa suka sare. Amma waɗanda suka bari suka ga itacen girki, ga abincin dabba, ga hatsi ya fi kyau ƙarƙashin gawo. Sai maƙwabci ya kwaikwayi maƙwabci. Sassaben zamani ke nan. Yau ana maganar eka miliyan 5 tsakanin Maradi da Damagaram, shi kuma an ba shi wata babbar lambar yabo a 2018 tare da Yacouba Sawadogo na Burkina.

Abin da ya sa na kawo shi: mutumin nan ya zauna shekaru, ya ji Hausa, ya zauna kan tabarma ya sha fura da manoma. Baƙuwar Mushe tana koyon Hausa, to ta kama hanya.

Agronom_Aguie:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Gyara kaɗan: hekta miliyan 5 ne, ba eka ba, hekta ɗaya kusan eka biyu da rabi ce. Kuma a ba manoma haƙƙinsu. Barin itace a gona kakanninmu sun san shi, abin da ya kashe shi har da tsoron jami'an gandun daji, tunda itace na hukuma ne, ka bar shi a gonarka ka taɓa shi a ci ka tara. Sai da mutane suka tabbata itacen nasu ne sannan abin ya yaɗu. Je ka Dan Saga ka ga yadda kwamitin gari, maza da mata har da Fulani makiyaya, ke tsaron itatuwansu. Ba baƙo ke biyan su ba.

Bagobiri227:
Yauwa! Abin da nake faɗa ke nan. Mu muka yi aiki, wani ya karɓi lamba.

Tsoho_Na_Tarna:
Ɗana, ni ina wurin. Da shi da mu duka. Ba a rage wa kowa ba.

Zara_Gidan_Rumji:
Ni dai akuya. Jar akuyarmu ta Maradi tana yawan haihuwar tagwaye, tana da nono, yara su sha. A yi irin habbanaye na Fulani: a ba mace akuya, in ta haihu ta yaye, 'ya'yan nata ne, uwar ta wuce gidan wata. Jika 50 duk wata ai akuyoyi ne ba kaɗan ba kafin ta tafi. Kuma don Allah a tuna da mu nan yamma. Tun 2019 muke karɓar 'yan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato da Katsina, an zaunar da wasu a Shadakori da Garin Kaka da Dan Daji Makau. Mutanen gari da suka raba rumbunsu da su tun kafin wata ƙungiya ta iso, su ma yanzu hannu ya yi ƙasa.

Rabi_Asusu:
Zara, akuya tana da kyau in an zaɓi lokaci. Ƙanwata an ba ta a watan Afrilu, babu ciyawa ko ɗaya, kuɗin dusa ya fi ƙarfinta. Ita da yara ba su ƙoshi ba, ina akuya? Kafin ruwa ya sauka maigida ya kai ta kasuwa. A bayar bayan kaka, lokacin da akwai harawa da kara, kuma a yi mata allura tukuna.

Alhaji_Transit:
Kuna ta zancen akuya da tiya, ba ku taɓo inda ciwon yake ba. Maradi da iyaka take numfashi. Da ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta sa takunkumi bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe iyakar Dan Isa, aka yanke wuta, ku tambayi 'yan dako da masu baro abin da suka gani. An buɗe ta ɓangaren Najeriya a 2024, amma naira ta faɗi, ɗan ci-rani ya yi wata shida a Kano ko Legas ya canza kuɗinsa su koma abin tausayi. Hanyar Kwatano kuma har yau ba ta dawo yadda take ba. Jika 50 na wata baƙuwa me za su yi wa wannan?

Dan_Tibiri:
Alhaji, tunda ka zo, ku ne ke cika mangaza da kaka kuna jiran Yuli. Ko zakkar hatsin da ke ciki aka fitar yadda Allah ya ce, da ba mu tsaya jiran baƙuwa ba.

Alhaji_Transit:
Ni ba na harkar hatsi. Kuma wanda ya ajiye ba kullum yake ci ba. Da gwamnati ta hana fitar da cimaka waje a Oktoban 2024, waɗanda suka tara suna jiran tsada da yawa sun tafka asara. Har ƙungiyoyin manoma masu warantaj, waɗanda ke ajiye buhu a karɓi rance a kansa, abin ya taɓa su. Kai ma da kake ba baƙuwa shawarar saye da kaka, ka sa wannan a lissafi.

Dan_Tibiri:
Ita ba riba take nema ba. In hatsi ya yi arha a Yuli ai mun gode Allah.

Admin_Katsinawa:
Jama'a a dawo kan tambayar Mushe. Zancen iyaka da 'yan kasuwa a buɗe masa nasa wuri.

Malam_Limanci:
Assalamu alaikum. Duk kun tafi ƙauye kun bar yaran da ke bakin ƙofarta, alhali su ne asalin tambayar. Kada a ce mata ta kore su. Mai roƙo ba a yi masa tsawa, wannan a Alƙur'ani yake. Amma kuɗi a hannun yaro ƙarami kullum safiya yana jawo wasu daga nesa, har yaron da ke zuwa lakwal ya ga gara ya tsaya nan. Yawancin masu kwanon nan almajirai ne, kowane da malaminsa, kuma makarantar ba za ta yi nisa da gidan ba. Mushe ya raka ta, ko ya je a madadinta, a gaida malam, a tambayi yara nawa ne. A samu mace a unguwa a riƙa biyan ta tana dafa tukunya ana kai musu can. Yara sun ci, matar ta samu sana'a, ƙofa ta huta, maƙwabta sun huta.

Matan masu goyo kuwa, mai unguwa da limamin masallaci sun san wace ce mijinta ya rasu, wace ce ruwan 2024 ya rushe wa ɗaki. Sun kuma san gidajen da ba za su taɓa fitowa roƙo ba ko za su kwana uku ba a ɗora tukunya ba. Waɗannan su suka fi ba ni tausayi. A kai musu da dare, hannun hagu bai san abin da na dama ya bayar ba.

Hajiya_Mai_Aya:
Malam, a gafarce ni, amma ba kowane mai unguwa ba. Na ga rabon da aka ba wani ya rubuta sunaye, sai ga matansa biyu da surukarsa a sahun gaba. A haɗa da tsofaffin mata na unguwa, ungozoma ta fi kowa sanin tukunyar da ba ta hau wuta ba.

Malam_Limanci:
Haka ne Hajiya. A haɗa ɗin.

Juriste_Yamai:
Abu guda da ba wanda ya ambata. Zamanin da baƙo zai ɗauki mota ya shiga ƙauye shi kaɗai yana rabo ya wuce. Akwai matsalar tsaro ta ɓangaren Madarunfa da Gidan Rumji, an kuma sace baƙi a Agadas a 2025, hukuma na sa ido sosai kan zirga-zirgar 'yan ƙasashen waje da ayyukan ƙungiyoyi. Kun ga yadda aka ce wa ƙungiyar Croix-Rouge ta duniya ta tattara ta fita a farkon 2025. Sadaka tsakaninta da maƙwabta ba laifi. Amma in abin ya kai ga tara mutane, ko karɓo kuɗi daga ƙawayenta na waje, to ta sanar da wurin aikinta, a bi ta ofishin magajin gari ko wata ƙungiya ta gida mai takarda. Kada alheri ya ja mata kora, ya ja wa Mushe tambayoyi.

Issoufou_Lyon:
Wannan zaren ya fi amfanar da ni a kan baƙuwar ma. Ni da nake aika kuɗi ta NITA duk wata ban taɓa tambayar innata wane wata ne ya fi matse su ba. Da salla nake ƙarawa, ashe a Agusta ake buƙata. Rabi, in ƙauyenmu akwai irin ƙungiyarku, kina ganin za su karɓi ɗakin nan da awaki ke kwana ciki?

Rabi_Asusu:
Ka tambaye su, kada ka yanke musu. In sun ce suna so, su za su gaya maka sharaɗi. Kuma ka shirya jin maganar maza.

Mushe_Sani:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya darasinmu gaba ɗaya a kan amsoshinku ya ƙare, har ta koyi kalmar rumbu da harawa. Ga inda aka tsaya. Mai gadin ashe ba ita ke biyan shi ba, wani kamfani ne, kuma da ta tambaye shi abin da yake karɓa sai ta yi shiru. Ta ce za ta yi magana a wurin aiki, kafin nan za ta riƙa saya masa hatsi. Jini ta ce tana bayarwa dama. Zancen Malam ya fi kwanta mata, gobe in sha Allahu zan je in gaida malamin yaran. Sai dai ta yi mini wata tambayar da ta sake ɗaure ni: in ta tafi bayan wata 14, wa zai ci gaba da biyan mai dafa tukunyar? Ta ce tana tsoron ta saba wa yara da abin da zai yanke rana ɗaya.

Bagobiri227:
To ka gani. Inda na ce za a zo ke nan.

Infirmiye_Madarunfa:
Yaron da ya ƙoshi wata 14 ya ƙoshi wata 14, Bagobiri. Ba a mayar da shi baya a ƙwace.

Dan_Tibiri:
Ta raba biyu mana. Rabi tukunya, rabi a tara don hatsin kaka.

Hajiya_Mai_Aya:
Mushe, in ka je wurin malamin ka ƙirgo yaran ka faɗa mana a nan. Mu da ke garin ba mu mutu ba. Ni na ɗauki tiya biyar duk wata, daga yanzu, ba sai ta tafi ba. Alhaji_Transit, ana jin ka.

Alhaji_Transit:
Ina hanyar Konni, rezo ba kyau. In na sauka zan kira Mushe.